Za mu sayi kamfani a Nijar, an ce mana al'adarmu ɗaya ce: in kwantar da hankalina?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni akanta ce a wani kamfanin kayan roba a Kano, shekarata tara a wurin. Maigidanmu ya daidaita da masu wata masana'anta irin tamu a kudancin Jamhuriyar Nijar, zai sayi kashi 80 cikin 100 na hannun jarinta. Na duba littattafansu ban ga abin tashin hankali ba. Abin da ke hana ni barci shi ne shirin bayan saye. Alhaji ya ɗauko wani mai ba da shawara daga Legas, ya kawo mana jadawali mai maki, wai tazarar al'ada tsakanin Najeriya da Nijar kusan babu, tunda yawanci Hausawa ne kuma Musulmi. A kan haka aka tsara cewa cikin wata uku za a sauke manajojinsu huɗu a kai namu, a mayar da tsarin albashi da na lissafi irin na Kano. Sau biyu na je can, kuma duk abin da muka faɗa sai su ce "to, madalla". Babu wanda ya yi mana musu ko sau ɗaya. Wannan shirun ne ya tsorata ni. Shin da gaske al'adar ƙasa tana iya kashe ciniki irin wannan, ko ni ce mai yawan zargi?

Malama H., Kano

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama. Ba ki da yawan zargi. Cikin duk waɗanda suka zauna a kan wannan ciniki, kunnenki ne kawai ya yi aiki. Mu da muke wannan sana'a, ranar da mutanen kamfanin da za a saya suka daina musu, ranar muke fara ƙirga waɗanda suka riga suka soma neman aiki a wani wuri. Wanda yake da niyyar zama shi ke jayayya a kan kujerarsa.

Bari in fara da jadawalin nan, don ya daɗe yana ba ni haushi. Kusan duk irinsa da ake yawo da shi asalinsa aikin Geert Hofstede ne, wani masani ɗan ƙasar Holan da ya tattara takardun tambayoyi sama da 100,000 daga ma'aikatan kamfanin kwamfuta na IBM tsakanin 1967 da 1973. Aiki ne na ilimi, ban raina shi ba. Amma a cikinsa Najeriya ba ta ma sami maki nata na kanta ba: an haɗa ta da Ghana da Saliyo aka kira su Afirka ta Yamma, saboda waɗanda suka amsa ba su da yawa. Nijar kuwa ba ta ciki sam. To, ki tambayi mutumin nan na Legas daga ina ya samo makin Nijar ɗin da ya rubuta, ki kalli fuskarsa. A 1988 wasu masana biyu, Kogut da Singh, suka fitar da lissafin da ke matse waɗannan makin su zama lamba ɗaya tilo ta tazarar al'ada. Su don bincike suka yi. Tun daga nan kuwa masu jaka da kwamfuta suka samu haja, suna sayar wa attajirai lamba kamar yadda mai maganin tasha ke sayar da kwalba ɗaya ta basir da shawara da ciwon baya.

Masu binciken kansu ba su taɓa cewa lambar tana duba ba. A 1998 Morosini da abokan aikinsa sun bi sawun ciniki 52 na ƙetaren iyaka, suka tarar cewa inda tazarar ta fi faɗi, nan sakamako ya fi kyau, domin mai saye ya samu dabarun da ba shi da su a gida. A 2008 Stahl da Voigt sun haɗa bincike 46, abin da ya fito shi ne bambancin al'ada yana taɓa yarda da haɗin kan ma'aikata, amma tasirinsa a kan riba ba ya bin hanya ɗaya. Ki dubi kamfanonin Tata na Indiya. A 2007 sun sayi Corus, kamfanin ƙarfe na Birtaniya da Holan, a kan kusan dalar Amurka biliyan 12, ya zame musu ƙarfen ƙafa shekara da shekaru. A 2008 suka sayi kamfanin motoci na Jaguar Land Rover daga hannun Ford a kan biliyan 2.3, bayan 'yan shekaru shi ke kawo mafi yawan ribar Tata Motors. Mai saye ɗaya, ƙasa kusan ɗaya, tsakani shekara ɗaya. Wane jadawali ne zai raba miki waɗannan biyun? Na farkon tsada aka saya bayan an yi gasar tayi da wani kamfanin Brazil, sannan kasuwar ƙarfe ta faɗi. Na faɗi wannan ne don kada ki ɗauka komai al'ada ce. Sau da yawa shugabannin da suka yi sayen wauta su ne ke fara ɗora laifi a kan al'ada, don ita ba ta da lauya.

Yanzu ga abin da nake so ki kai wa Alhaji, kuma zan daɗe a kansa, don shi ne kuskuren da nake karo da shi kusan kullum: wai kusanci kariya ne. "Ai duk ɗaya muke." Wannan jimla ta ci dukiyar mutane fiye da yadda gobarar kasuwa ta ci.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda zai sayi kamfani a Japan ya san baƙo ne shi. Zai ɗauki tafinta, ya ɗauki lauyan can, ya yi tambaya kafin ya taɓa komai, ya yi tafiyar hawainiya. Wanda zai saya a Maraɗi kuwa da safe zai tashi daga Kano, ya bi ta Katsina da Jibiya, azahar ta yi masa a can, ya bi liman sallah, a kawo masa tuwo irin na gidansa. Ina zai ga buƙatar tambaya? Tsoron da ke sa mutum ya yi shiri shi kusancin ya cire masa. A 1996 wasu masu bincike, O'Grady da Lane, sun duba kamfanonin shaguna 32 na Kanada da suka shiga kasuwar Amurka, maƙwabciyarsu mai harshe ɗaya da su. Bakwai kacal suka tarar suna tafiya daidai. Shugabannin da dama sun shiga ne da zaton Amurka Kanada ce da ta ƙara girma. Haka kamfanin motoci na SAIC na ƙasar Sin ya sayi SsangYong na Koriya ta Kudu a 2004, maƙwabta masu tarihin da ya cuɗanya. A 2009 SsangYong ya durƙushe, ma'aikata suka mamaye masana'antar Pyeongtaek kwana 77, ana zargin mai saye da zuwa kwasar fasaha kawai. Shekara guda bayan haka wani kamfanin Sin ɗin, Geely, ya sayi Volvo na Suwidin daga Ford a kan kimanin dala biliyan 1.8, kowa yana dariya wai ina Sinawa ina Turawan arewacin Turai. Mai kamfanin, Li Shufu, ya bar hedikwata a Gothenburg, ya bar Turawa suna jan ragama, ya zauna da ƙungiyoyin ƙwadagonsu, ya zuba kuɗi. Motocin da Volvo ke sayarwa a shekara sun tashi daga ƙasa da 400,000 a 2010 zuwa sama da 700,000 a 2019.

Kama da wane ba ta wane, Malama. Ki gwada wannan: ki ce wa ɗan kasuwar Kano "jaka ɗaya", ya ji naira 200. Ki faɗa wa na Maraɗi, ya ji sefa 1,000. Ki ce masa "dala ashirin", shi sefa 100 ya fahimta, ke kuma kina nufin kuɗin Amurka. Harshe ɗaya ke nan, a kan kuɗi, abin da ɗan kasuwa ba ya wasa da shi. To ina ga kalmomi irin su "manaja", "izini", "sallama", "alawus"?

Abin da mai jadawalinku ya kasa ganewa shi ne al'adar aiki ba daga shimfiɗar kaka kaɗai take fitowa ba. Makaranta tana gina ta, kotu tana gina ta, ofishin haraji da banki da barikin soja duk suna gina ta. Fiye da shekara ɗari ke nan Bahaushen Katsina da na Maraɗi suna shiga makarantu daban, suna tsayawa gaban alƙalai daban. Ba banza ba tsofaffinmu ke cewa wane ya tafi Faransa alhali Damagaram ya je. Manajan da za ku tarar a can ya taso ne a tsarin da takarda ke gaba da baki: umarni sai a rubuce, da lamba da hatimi, kowane muƙami da iyakarsa, kuma takardar shaidar karatu tana da nauyin da ba mu ba ta a kasuwar Kwari. A yawancin kamfanonin iyali na Kano kuwa, ke kin fi ni sani, wayar Alhaji ta ƙarfe goma na dare ita ce doka, gobe a gyara takardu su dace da ita. Kowanne yana aiki a gidansa. Amma ranar da yaron Alhaji ya kira ma'ajin can ya ce a fitar da miliyan biyar yanzu-yanzu takarda ta biyo baya, shi ma'ajin abin da zai ji shi ne ana so a jefa shi kurkuku. Zai ce "to, madalla", kuɗin kuma ba za su fita ba. Ku kuma ku ce taurin kai ne.

Wani abin ma ba zaɓi ba ne. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na OHADA, yarjejeniyar dokokin kasuwanci da aka kafa a 1993, kuma tsarin lissafinsu na SYSCOHADA yana da jerin lambobin asusu da doka ta tsayar. Ba za ki tashi ki mayar da littattafansu irin na Kano ba, sai dai ki riƙe biyu ki riƙa daidaitawa. Ko da yake a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, kwantiragi da takardun haraji da na kotu da Faransanci za ki same su. Cikin manajoji huɗun da za ku tura, nawa ne za su iya karanta wasiƙar ofishin haraji ba tare da wani ya fassara musu ba? Kuma wa zai fassara, in ba mutanen da kuka sauke abokansu ba? Batun albashi kuma, sefa a ɗaure take da yuro, kimanin 656 a kan ɗaya, naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ta zubar da fiye da rabin darajarta. Idan kuka ce wa ma'aikacin can za a mayar da albashinsa "irin na Kano", ba ya jin komai sai ragi.

Na taɓa yin aiki da wani attajiri, ba zan faɗi suna ko gari ba, da ya sayi kamfanin rarraba kaya a wata ƙasa maƙwabciya mai tsarin Faransa. Ya tura ƙaninsa ya riƙe. Sati na uku ƙanin ya kori mai kula da sito da baki, a tsakar fili, gaban leburori, kamar yadda ya saba a gida. Ashe mutumin wakilin ma'aikata ne zaɓaɓɓe, wanda doka ta hana a sallame shi sai da amincewar sufeton ƙwadago. Aka dawo da shi da albashinsa cif. Wannan ma mai sauƙi ne. Babban akanta, dattijon da ya san kowa a kwastan da banki, ya ga yadda aka tozarta abokin aikinsa na shekara ashirin, bai ce uffan ba, ƙarshen wata ya ajiye takardar barin aiki cikin ladabi har da addu'a. Kaya suka fara kwana a iyaka, banki ya fara neman takardun da da ba ya nema. Attajirin ya kira ni yana cewa an yi masa asiri. Na ce masa Alhaji, babu boka a cikin wannan magana, ƙaninka ne.

Ga kuma kunya, wadda kusancin ke ninkawa. Da Bature ne ya saye su, da sun buɗe baki sun ce masa wannan ba zai yiwu ba, don babu surukuta tsakaninsu. Amma Alhaji dattijo ne, baƙo ne, mai yiwuwa ya san iyayen wasunsu. Wa zai dube shi ya ce ya yi kuskure? Sannan kada ki manta da abin da ke ƙasan zuciya. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 Najeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wutar da take ba Nijar, ba a buɗe ba sai Maris 2024, kuma a Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS. Ma'aikacin da ya kwana cikin duhu watanni bai manta ba. In kuka shigo da salon babban wa ya zo gyara wa ƙani gida, ba Alhaji kaɗai za su gani ba, Najeriya za su gani. Kishin ƙasa yana shiga ciniki ko a inda ake maganar biliyoyi: tattaunawar haɗe Bharti na Indiya da MTN ta watse a 2009 ne a kan yadda MTN zai ci gaba da zama kamfanin Afirka ta Kudu.

Da ma Bharti ɗin nan darasi ne a tafin hannunmu, tunda layinsa yana cikin wayoyinmu. Bayan an yi Econet, an yi Vmobile, an yi Celtel, an yi Zain, a 2010 ya sayi harkokin Zain a ƙasashen Afirka 15, har da Najeriya da Nijar da Chadi da Ghana, a kan dala biliyan 10.7. Lissafinsa shi ne Afirka Indiya ce ta biyu: talakawa masu yawa, a karya farashin kira, a ba 'yan kwangila yawancin aiki, riba ta zo daga yawa. Sai ya tarar da ƙasashe 15 kowace da hukumarta da ƙungiyar ƙwadagonta, ga kuɗaɗe iri-iri, ga tsadar dizal da rashin hanya. Shekaru aka yi ana asara kafin abin ya miƙe har aka sa Airtel Africa a kasuwannin hannun jari na Landan da Legas a 2019. Shi kansa shugaban Bharti, Sunil Mittal, ya amsa daga baya cewa an yi gaggawa. Shi yana da aljihun da zai jure shekara bakwai. Alhaji yana da shi?

Abin da ke sa bambancin al'ada ya yi cizo shi ne zurfin haɗewar da mai saye yake so da kuma saurinta. In ka sayi kamfani ka bar shi yana numfashi, wuraren gogayya kaɗan ne. In ka ce sai ya narke cikin naka cikin wata uku, kowane tebur ya zama fagen daga. Shirinku ya haɗa mafi zurfi da mafi sauri. Don haka shawarata a taƙaice: a jingine maganar sauke manajoji aƙalla shekara guda, a rubuta wa waɗanda kamfanin ke tsaye a kansu yarjejeniyar zama da lada mai tsoka, kuma ki lura, ba lallai su ne masu manyan muƙamai ba. Ki nemo wanda in ya yi zazzaɓi injin ke tsayawa, da wanda dillalai ke kira a wayarsa ta kansa. Daga Kano mutum ɗaya ya isa a farko, mai kula da kuɗi, mai jin Faransanci, mai haƙuri. A ɗauki lauyan ƙwadago ɗan can, ba abokin Alhaji ba. Masu kashi 20 ɗin da suka rage a ba su kujera ta gaske a hukumar daraktoci, kada a mayar da su 'yan rakiya. Ke kuma ki koma karo na uku ba tare da Alhaji ba, ki zauna da su ɗaya bayan ɗaya. Kada ki tambaye su ko sun yarda da shirin, za su ce madalla. Ki tambayi kowanne yadda aka yi lokacin da aka kori wani a baya, wa ke sa hannu kafin a sayi kayan gyara, me tsohon maigida yake yi musu da azumi da sallah da ranar rasuwa wanda ba a rubuta ko'ina ba. A nan za ki ga kamfanin da kuke saye.

Sauran magana ɗaya, kuma ita ce ta fi damuna, don na san halin mutanenmu in ana neman a sa hannu. Baki ya yi ta zuba: ba za a taɓa kowa ba, mu 'yan'uwa ne, haɗin gwiwa ne ba saye ba. Haka kamfanin motoci na Daimler-Benz na Jamus ya yi da takwaransa Chrysler na Amurka a 1998, cinikin dala biliyan 36 da aka yi wa laƙabi da haɗewar tsara da tsara. Ana yawan ba da labarinsa a matsayin rikicin Jamusawa masu son tsari da Amurkawa masu son sauri, da bambancin albashin shugabanni wanda na Amurka ya ninka na Jamus sau da yawa. Duk gaskiya ne. Amma abin da ya kashe yarda shi ne a 2000 shugaban Daimler, Jürgen Schrempp, ya faɗa wa jaridar Financial Times cewa tun farko niyyarsa Chrysler ya zama reshe, an dai faɗi wancan ne don a samu shiga. Kafin nan manyan Chrysler sun fara watsewa, bayan hirar kuma aka turo Bajamushe Dieter Zetsche ya riƙe, masu hannun jari suka kai ƙara har aka biya su dala miliyan 300. A 2007 Daimler ya sayar da kashi 80.1 cikin 100 na Chrysler a kan biliyan 7.4. Haka Kraft na Amurka, lokacin da yake neman Cadbury, masu Bournvita da TomTom ɗin nan, a 2009 ya ce zai bar masana'antar Somerdale kusa da Bristol a buɗe. Kimanin mako guda bayan ciniki ya faɗa a 2010 ya ce rufewa zai yi. Hukumar sa ido kan sayen kamfanoni ta Birtaniya ta tsawata masa a bainar jama'a, aka kuma tsaurara ƙa'idojin a 2011.

Waɗancan ba su haɗa alƙibla da waɗanda suka yaudara ba. Mu fa? Mutum ya zauna a kan tabarmar mutane, ya ci abincinsu, a shafa fatiha, ya ce babu wanda zai rasa abincinsa, alhali jerin sunayen waɗanda za a sauke yana cikin jakarsa tun daga Kano. Wannan ba dabarar kasuwanci ba ce, cin amana ne, kuma mun san abin da aka ce game da mai yin alƙawari ya saɓa. Waɗannan manajoji huɗu suna da iyali, suna da 'ya'ya a makaranta, wasunsu sun ƙi aiki a wani wuri don sun yarda da kamfanin. In Alhaji ya ƙudura sai ya sauke su, dukiyarsa ce, amma ya faɗa musu yanzu kafin a sa hannu, ya biya su haƙƙinsu yadda dokar ƙasarsu ta tsara, ya bar su su nemi mafita da mutuncinsu. Ki tambaye shi, cikin ladabi, me ya riga ya faɗa musu da bakinsa a zaman da ba ki nan. Duk abin da ya ce ya faɗa, ki rubuta shi, ki sa lauya ya shigar da shi cikin yarjejeniyar.